Gani Ya Kori Ji? Tarihin Yadda Waya Da Agogon Hannu Suka Shiga Binciken Jama'a

Mai karatu, ga wata 'yar tambaya, amma kada ka taɓa wayarka tukuna: jiya minti nawa ka yi kana tafiya da ƙafa? Awa nawa ka yi barci? Sau nawa ka buɗe WhatsApp?

Wataƙila ka ba da amsa, amma kai ma ka san kirdado ka yi. Ba ƙarya ka shirya ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta ajiye irin wannan lissafi, kuma in an tambaye mu, amsarmu takan karkata wajen abin da zai fito da mu da kyau. To, a kan irin waɗannan amsoshi ne gwamnatoci ke tsara kasafin lafiya, ƙungiyoyin agaji ke raba tallafi, likitoci ke ba da shawara. Shekara da shekaru masu binciken jama'a suna fama da matsaloli biyu. Ta farko: wa za a tambaya? Ta biyu: in an tambaye shi, shin amsarsa daidai ce? Waya da agogon zamani sun yi wa matsala ta biyu babban magani. Sai dai, kamar yadda za ka gani, sun dawo da ta farko ta ƙofar baya.

1936: darasin da aka koya da tsada

A shekarar 1936 ana shirin zaɓen shugaban ƙasa a Amurka tsakanin Franklin Roosevelt da Alf Landon. Wata shahararriyar mujalla mai suna Literary Digest, wadda ta sha cankar wanda zai yi nasara a zaɓukan baya, ta aika katunan jin ra'ayi kusan miliyan 10 ta gidan waya. Fiye da miliyan 2 suka dawo. Da aka ƙirga, mujallar ta shelanta cewa Landon ne zai ci, da kusan kashi 57 cikin 100.

Ranar zaɓe sai labari ya sha bamban. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48 da ake da su a lokacin, da kusan kashi 61 cikin 100 na ƙuri'u. Shi kuwa George Gallup, wanda ya tambayi mutane kimanin 50,000 kacal, ya faɗi daidai cewa Roosevelt ne zai ci. Mujallar ba ta sake ɗagowa ba, a 1938 ta daina fitowa.

Me ya faru? Yawancin sunayen da mujallar ta aika wa kati ta kwaso su ne daga kundin masu wayar tarho da rajistar masu mota. A tsakiyar matsin tattalin arzikin wancan zamani, mai waya a gida da mota a ƙofa ba talaka ba ne, talakawa kuwa Roosevelt suke so. Ƙari a kan haka, cikin waɗanda katin ya isa gare su, masu jin haushin gwamnati sun fi zafin mayar da amsa.

Duk mai girki ta san wannan ka'ida. Ba sai kin shanye tukunya ba kafin ki san ko gishiri ya ji, cokali ɗaya ya isa, amma fa sai an juya miyar. In ba a juya ba, ko kwano guda aka ɗebo daga sama, saman kawai aka ɗanɗana. Daga baya ne masu bincike suka rungumi zaɓen mutane ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa a ƙasa yake da damar faɗawa cikin waɗanda za a tambaya. Ka riƙe wannan labari, za mu dawo masa.

Littafin da ya tona asiri

An samu hanyar zaɓen mutane, saura batun mantuwa. A 1977 masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi da abokan aikinsa a Jami'ar Shikago suka buga sakamakon wata dabara. Sun ba matasa 25 wata 'yar na'ura da ake ratayawa a ƙugu, irin wadda ake kiran likitoci da ita a asibiti. Na'urar kan yi ƙara a lokutan da ba a sanar ba, tsawon mako guda. Da ta yi ƙara, yaro zai ɗauko takarda ya rubuta inda yake, abin da yake yi, da yadda yake ji a ransa. Wato maimakon a ce maka "makon jiya yaya ka ji?", sai a tare ka a daidai lokacin, kafin mantuwa ta sa hannu.

Amma wa ya tabbatar mutum ya cike takardar a kan lokaci? A 2002 Arthur Stone da abokan aikinsa a jihar New York suka gwada. Sun samu majinyata 80 masu ciwon da ya daɗe yana damunsu, aka ce su riƙa rubuta yanayin ciwon sau uku a rana, ƙarfe 10 na safe, 4 na yamma da 8 na dare, har kwana 21. Rabi aka ba su ƙaramar kwamfutar hannu, rabi aka ba su littafi. Abin da masu littafin ba su sani ba shi ne, an ɓoye na'urar gane haske a jikin bangonsa, tana rubuta duk lokacin da aka buɗe.

Da aka karɓi littattafan, shafuka sun nuna an cike kashi 90 cikin 100 a kan lokaci. Na'urar kuwa ta ce ina, kashi 11 ne kawai! A kusan kashi ɗaya cikin uku na kwanakin ma ko buɗe littafin ba a yi ba, amma ga shafukan ranar a cike tsaf, da kwanan wata da lokaci. Ashe mutane kan zauna ne daga baya su cike na kwanaki a zama ɗaya. Masu kwamfutar hannu, wadda ke tunatar da su kuma ba ta karɓar amsa in lokaci ya wuce, sun cika kashi 94. Ka tuna fa, da irin waɗannan littattafai ake auna ko sabon magani yana rage ciwo.

Ranar da aka ɗaura wa jama'a na'ura

Ƙirga taku ba sabon abu ba ne. A 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta Tokiyo, kamfanin Yamasa na Jafan ya fitar da na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, ma'anarsa ma'aunin taku 10,000. Nan ne asalin wannan adadi da wayarka ke matsa maka ka cika. Sunan talla ne, ba daga ɗakin bincike ya fito ba. Sai a 2019 wani bincike da I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta jagoranta a kan mata tsofaffi fiye da 16,000 ya nuna cewa amfanin ya fara bayyana tun daga taku kusan 4,400 a rana, ya kuma daina ƙaruwa sosai a wajen 7,500.

Babban sauyi ya zo ne lokacin da manyan binciken ƙasa suka fara raba na'urar auna motsi. A zagayen 2003 zuwa 2004 na binciken lafiya da abinci na ƙasar Amurka, an ba dubban mutane na'urar su ɗaura a ƙugu kwana 7. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa manya da ke cika minti 30 na motsa jiki a rana ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. A Ingila ma an yi irinsa a 2008, aka kwatanta baki da na'ura. Da baki, kashi 39 na maza da kashi 29 na mata sun ce suna cika ƙa'idar motsa jiki. Da na'ura, maza kashi 6, mata kashi 4.

Wannan gibi bai tsaya ga motsa jiki ba. Ka tambayi manomi, "Malam, gonar nan eka nawa ce?" Masu bincike na Bankin Duniya sun kwatanta amsar manoma da awon na'urar GPS a ƙasashen Malawi, Yuganda, Tanzaniya da Nijar. Abin da suka gano yana da tsari: masu ƙananan gonaki sukan ƙara wa tasu girma, masu manya kuma sukan rage. In ka raba buhunan da aka girbe da girman gona mara daidai, lissafin amfanin gona na ƙasa baki ɗaya ya karkace, haka ma shawarar da za a yanke kan taki da iri. Shi ya sa a manyan binciken gidaje na yanzu za ka ga jami'i yana zagaya iyakar gona da na'ura a hannu.

Sai dai kada ka ɗauka na'ura ba ta kuskure. Wadda aka ɗaura a ƙugu ba ta gane mai tuƙa keke sosai, domin ƙugunsa ba ya jijjiga. Ba ta san bambancin mai tafiya hannu rabbana da wadda ta ɗauko jarkar ruwa a kai ba. Matar da ta yi awa guda tana daka a tsaye, gumi na zuba, wayar da ke ajiye a kan tabarma za ta ce ba ta motsa ba. Abin da na'ura ke aunawa shi ne motsin kanta. Mai bincike ne ke fassara shi zuwa "aiki" ko "hutu", kuma fassarar tana iya kuskure.

Da na'urar ta koma aljihun kowa

Duk waɗannan na'urori mai bincike ne ke saye ya raba, ya kuma bi ya karɓo. Wayar salula ce ta sauya lissafin, tunda mutane da kuɗinsu suke saye, kuma ba sa rabuwa da ita.

A 2004 Nathan Eagle da Alex Pentland na jami'ar MIT suka raba wayoyi 100 ƙirar Nokia 6600 ga ɗalibai da ma'aikata. Tsawon watanni wayoyin suna rubuta kiran da aka yi, ƙarfen sabis ɗin da suke kusa da shi, da wayoyin da ke kewaye da su ta Bluetooth. Daga wannan kaɗai aka iya gane tsarin rayuwar mutum, har ma da su wane ne abokansa, ba tare da an tambaye shi ba.

A 2007 iPhone ta fito, wayoyin Android suka biyo baya a 2008, ɗauke da na'urar auna motsi, kyamara, daga bisani GPS ya zama ruwan dare. Dabarar nan ta 1977 sai ta samu sabon gida. A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Harvard suka buga bincike a kan mutane 2,250 da manhajar waya ke aika wa tambaya a lokuta daban-daban: me kake yi, me kake tunani, yaya kake ji? Kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutane yana wani wuri dabam da abin da suke yi, kuma a lokutan ne suka fi rashin walwala. Daga yara 25 an koma dubbai, babu takarda ko ɗaya.

Sai kuma binciken Ruwanda da aka buga a 2015. Joshua Blumenstock da abokan aikinsa suka kira masu layi 856, suka yi musu tambayoyi kan abin da suka mallaka, kuma da izininsu suka haɗa amsoshin da tarihin kiransu. Kwamfuta ta koyi yadda kiran mai hali ya bambanta da na mai ƙaramin ƙarfi, sannan aka yi amfani da abin da ta koya a kan layuka miliyan 1.5. Taswirar talauci da ta fito ta yi kusa ƙwarai da ta binciken gida-gida na gwamnati, cikin ɗan lokaci kuma da kuɗi ƙalilan. Lura da wani abu a nan: ba a jefar da tambaya ba. Amsar mutum 856 ɗin nan ce ta ba tulin bayanan ma'ana.

A 2017 masu bincike na Jami'ar Stanford suka fitar da lissafin taku na mutane fiye da 700,000 daga ƙasashe 111, duk daga manhajar waya guda. Matsakaicin duniya ya kama kusan taku 5,000 a rana. Hong Kong ce a sama da kusan 6,900, Indonesiya a ƙasa da kusan 3,500. Jaridu suka yi ta buga kanun labarai kan "ƙasashen da suka fi kasala".

Fatalwar 1936 ta dawo

To, tsaya. Su wane ne waɗannan mutum 700,000? Masu babbar waya mai tsada ne, waɗanda kuma suka damu da lafiyarsu har suka sauke manhajar ƙirga taku. A Indonesiya, manomin shinkafa da ke yini a gona da mai tallan da ke zagaya gari da wuya su shiga lissafin. Ka ga kundin masu tarho da rajistar masu mota sun dawo cikin sabuwar riga.

Ko a ƙasashe masu arziki matsalar tana nan. Shirin UK Biobank na Birtaniya ya ɗaura wa mutane fiye da 100,000 na'urar auna motsi a wuyan hannu tsakanin 2013 da 2015, kuma ana ta cin moriyar bayanan har yau. Amma tun asali, cikin mutane kimanin miliyan 9 da aka gayyata shirin, kashi 5.5 cikin 100 ne suka amsa, kuma an tabbatar sun fi sauran jama'a lafiya da wadata. A 2016 wani babban binciken gidaje na Birtaniya ya roƙi mahalartansa su sauke manhaja su riƙa ɗaukar hoton rasiɗin sayayyarsu. Mutane ne da suka saba amsa tambayoyin binciken, amma kusan kashi 13 cikin 100 ne kawai suka yi. Tsohuwar hanyar ma ba ta tsira ba: cibiyar Pew ta Amurka ta ce masu amsa bincikenta na waya sun ragu daga kashi 36 a 1997 zuwa kashi 6 a 2018.

A wajenmu abin ya fi tsanani. Binciken yawan jama'a da lafiya na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 81 cikin 100 na maza suna da wayar kansu, mata kuwa kashi 55. Wannan fa kowace irin waya ce, har da ƙaramar nan mai madanni wadda ba ta ɗaukar manhaja. Sannan manhaja tana ɗauka cewa waya ɗaya mutum ɗaya ce. Gidaje nawa ka sani da maigida da uwargida da yara suke amfani da waya guda? Mutum nawa ke da layi biyu ko uku? Wayar da ta yini a shagon mai caji, ai lissafinta zai nuna mai ita bai ɗaga daga wuri ɗaya ba.

Akwai misalin yadda ake rage wannan matsala. Da dokar kulle ta korona ta hana shiga gidaje a 2020, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da Bankin Duniya suka koma kiran waya, zagayen farko suka samu gidaje 1,950. Ba lambobi suka tsinta a titi ba. Sun ɗauko su ne daga gidajen da aka riga aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, aka kuma ziyarta ƙafa da ƙafa a 2018 da 2019. Saboda haka sun san irin gidajen da waya ba ta same su ba, suka daidaita lissafi gwargwadon haka. An fara juya miyar, sannan aka sa cokali.

Abin da wayarka ta sani a kanka

Akwai bambanci tsakanin tambaya da bibiya. In jami'i ya yi maka tambayar da ba ka so, kana iya yin shiru. Manhaja kuwa, da zarar ka danna "na amince", tana ɗiba dare da rana.

Za a ce maka an cire sunanka. A 2013 Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa suka duba bayanan zirga-zirgar masu waya miliyan 1.5 da aka cire wa suna. Suka gano cewa sanin wurare huɗu da mutum ya je, da lokutan da ya je, ya isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen ɗaya bayan ɗaya. Ka yi tunani: mutum nawa ne ke kwana a unguwarku, ya yini a wurin aikinka, ya kuma je kasuwar da kake zuwa ranar da kake zuwa? Kai kaɗai ne.

A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura da wani abu a taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa, mai nuna hanyoyin da masu amfani da ita ke gudu. A tsakiyar wurare masu duhu a Siriya da Afganistan, ga wasu zane-zane suna haske. Sojojin ƙasashen waje ne ke zagaya sansanoninsu da agogo a hannu, suka zana wa duniya taswirar wurin ba su sani ba. Babu sunan kowa a taswirar, amma asiri ya tonu.

Shi ya sa batun izini ya zama babba a wannan fage. A Najeriya an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma tana ba ka haƙƙin sanin abin da ake ɗiba a kanka, da dalilin ɗibarsa, da damar janye amincewarka.

In ka ga adadi, ka yi tambaya

Masu binciken da suka san aikinsu a yau ba sa zaɓar ɗaya su bar ɗaya. Suna zaɓen mutane ta hanyar ƙuri'a, su ba da aron na'ura ga wanda ba shi da ita, su bar na'ura ta auna abin da ta fi iyawa, kamar taku, barci, tazara da girman gona, sannan su tambayi mutum abin da shi kaɗai ya sani. Agogo zai nuna ka farka ƙarfe 3 na dare. Ko sauro ne, ko jariri, ko tunanin bashi, sai an tambaye ka.

Don haka duk ranar da ka ga labari ya ce "binciken da aka yi kan mutum miliyan ɗaya ta waya ya nuna kaza", kada yawan ya ruɗe ka. Tambayi kanka: ta yaya waɗannan mutane suka shiga, zaɓo su aka yi ko su suka kawo kansu? Wa aka bari a waje, kuma da an sa shi, amsar za ta sauya? Me na'urar ta auna a zahiri, mutumin ko wayarsa? In kuma kai aka gayyata, ka tambaya me za a ɗiba, wa zai gani, har zuwa yaushe za a ajiye. In amsar ta gamsar da kai, shigarka tana da amfani, domin duk wanda bai shiga lissafi ba, da wuya a tuna da shi ranar rabo.

Yanzu kana iya ɗaukar wayarka. In tana ƙirga taku, duba na jiya ka kwatanta da amsar da ka bayar ɗazu. Kafin ka yanke hukunci wa ya fi gaskiya tsakaninku, ka tuna awa nawa ta yi a jikin caji kai kana waje.